Asalin kalmar "ergerlig" ta harshen Norwe: daga zagin da ake zubar da jini a kansa zuwa ɗan ɓacin rai

Idan ɗan ƙasar Norwe ya iso tasha ya tarar mota ta tashi minti ɗaya kafin zuwansa, abin da zai fito daga bakinsa shi ne *Så ergerlig!*, wato kai, abin haushi. Kalmar tana aiki ta fuska biyu. *Det var ergerlig* na nufin al'amarin ne ya ba da haushi, *Han ble ergerlig* kuwa na nufin mutumin ne ya ji haushi. A wajen furuci, wasalin farko buɗaɗɗe ne, tsakanin a da e, kuma ba a faɗin g ɗin ƙarshe, don haka abin da kunne ke ji ya fi kusa da "ar-gar-li". Kalma ce mai sauƙin nauyi, ta ƙananan takaici na yau da kullum.

Masu sha'awar tarihin Baikin, wato mayaƙan tekun nan na arewacin Turai, sukan ce wannan kalma jikar *ergi* ce, zagi mafi muni a tsohon harshen yankin, wanda 'yan Norwe ke kira *norrønt*. Rabin maganar gaskiya ce, domin tushensu ɗaya. Amma *ergerlig* ba gadon gida ba ce a Norwe. Daga Jamus aka shigo da ita, kuma shaidar hakan tana cikin jikin kalmar, a baƙi guda ɗaya tak.

Aikin farko ga mai bin salsalar kalma shi ne ya feɗe ta. Wannan ta kasu uku: *erg*, *er* da *lig*. Na ƙarshen ba shi da wahala. Ɗafa-ƙeya ne da ke mayar da kalma sifa, kamar a *farlig*, mai haɗari, daga *fare*, haɗari. Asalinsa suna ne mai zaman kansa da ke nufin jiki ko siffa, kuma har yau yana nan a harshen a matsayin *lik*, gawa. Saiwar *erg* kuwa ita ce *arg*, wasalinta ne ya sauya. A harsunan dangin Jamusanci, idan wasalin i ya biyo bayan gaɓa mai a, yakan ja wannan a ɗin ya koma e, daga baya shi i ɗin ya ɓace ya bar sawunsa. Naso ne irin wanda ɗaliban Hausa suka sani, sai dai na wasali. Shi ya sa jam'in *mann* ya zama *menn*, na *tann*, haƙori, ya zama *tenner*, kuma *lang*, dogo, ya ba da *lengre*, wanda ya fi tsawo. Saura *er* na tsakiya, wanda shi ne mai warware shari'ar. Kafin a kai gare shi, sai an san wace ce *arg*.

Masana sun sake gina kalmar kaka ta dukan dangin a matsayin *argaz*, kuma sukan sa mata tauraro a gaba don nuna cewa ba a same ta a rubuce ba, daga 'ya'yanta aka gano ta. Ma'anarta matsoraci, wanda ba namiji ba. Ɗaya daga tsofaffin shaidu yana cikin dokokin da Rothari, sarkin Lambardawa, wata al'ummar dangin Jamusawa da ta kafa mulki a Italiya, ya zartar a birnin Pavia na Italiya a shekarar 643. An rubuta dokokin da Latin, amma a sashe na 381 an bar kalmar Lambardawa yadda take, *arga*. Hukuncin shi ne: wanda ya kira wani *arga* cikin fushi, idan ya rantse cewa fushi ne kawai kuma bai san shi da wannan hali ba, zai biya tarar sulallan zinariya 12. Idan ya dage a kan maganarsa, sai ya tabbatar da ita a fagen fito-na-fito da makami. A arewa kuma, a yankin Blekinge da ke kudancin Suwidin a yau, akwai duwatsu biyu, na Björketorp da na Stentoften, waɗanda aka sassaƙa wa rubutu wajen ƙarni na 7. Dukansu suna ɗauke da la'ana a kan duk wanda ya rushe wurin, kuma cikin masifun da aka roƙa masa har da wannan *ergi*, a tsohuwar sigarta.

Akwai shaida ta uku daga waje. Harshen Finlan ba ya cikin wannan dangi ko kaɗan, amma ya ari kalmomi daga maƙwabtansa tun da daɗewa, kuma ya riƙe su kusan yadda ya karɓe su. Kalmarsa ta sarki, *kuningas*, ta fi kusa da tsohuwar siga fiye da *konge* ta Norwe ko *König* ta Jamus. Haka nan yana da *arka*, mai tsoro, mai jin kunya, ko wuri mai ciwo da ba ya son taɓawa. Wannan ya nuna cewa tsoro da rauni su ne tsohuwar ma'ana, tun kafin mugunta ko fushi su shigo.

A Norwe da Aislan na zamanin tsakiya ne kalmar ta fi kaifi. Sifar ita ce *argr*, sunan halin kuwa *ergi*, inda i ɗin ƙarshe ya ja a zuwa e kamar yadda aka bayyana. Abin da ake nufi ya wuce gudu daga fagen yaƙi. Zargi ne cewa namiji ya yarda an mayar da shi mace a wajen kwanciya, kuma a tunanin mutanen wancan zamani wannan da tsoro da cin amana duk abu ɗaya ne. Dokokin Aislan da ake kira Grágás sun ware kalmomi uku da suka fi kowane zagi, ɗayarsu *ragr*. Wanda ya furta su a kan wani, hukuncinsa kora ce ta har abada daga kariyar doka, kuma wanda aka zaga yana da damar kashe shi. Dokar Gulating ta yammacin Norwe ta lissafa nata zage-zagen da ke wajabta cikakkiyar diyya, kamar a ce namiji ya haihu, ko a kwatanta shi da goɗiya ko karya. Ta kuma hana ƙagen cewa mutum yakan zama mace duk dare na tara. Wani nau'in tsafi da ake kira *seiðr* ma an ɗauke shi mai jawo *ergi*, shi ya sa marubucin Aislan Snorri Sturluson ya rubuta a ƙarni na 13 cewa maza sun ga abin kunya ne, aka bar wa mata shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe nauyin wannan, domin a al'ummar da ba ta da 'yan sanda, mutuncin mutum shi ne garkuwar gidansa, kuma wanda ya haɗiye irin wannan zagi ya sanar da kowa cewa ana iya cin gonarsa.

Ita *ragr* ɗin ba wata kalma ba ce daban. *Argr* ce baƙi da wasali suka yi musayar gurbi, kamar yadda Bahaushe ke cewa bagaruwa wani ya ce gabaruwa, ko hawainiya da wahainiya. A nan akwai tarko ga mai jin Hausa, domin *ragr* ta yi kama da rago a sauti, ma'anarsu ma ba ta yi nisa ba. Babu dangantaka tsakaninsu. Hausa tana cikin harsunan Cadi, *ragr* kuma siga ce da ta samu a cikin gida daga *argr*, wanda ke farawa da wasali. Gajerun kalmomi suna da yawa a kowane harshe, kuma dole a sami waɗanda suka yi karo bisa katari. Kamanni ba ya zama hujja sai an nuna ƙa'idar sauyin sauti da ke aiki a kan kalmomi da dama, tare da hanyar da masu magana suka bi suka haɗu.

A kudu, wato ƙasashen Jamus da Holan, kalmar ta ɗauki wata hanya. A tsohon Jamusanci *arg* na nufin matsoraci, tana kuma nufin marowaci. Sannu a hankali ta faɗaɗa ta koma mummuna kawai, kowane irin muni. A harshen Holan na yau ta kai ga *erg* na iya nufin ƙwarai, har a ce *erg goed*, mai kyau ƙwarai. To, da kalma ta zama mummuna, sai ta buƙaci sigar fifiko, wato wanda ya fi muni. Tsohon ɗafa-ƙeyan fifiko yana da i a cikinsa, shi ya ja wasali, aka sami *erger* a Jamusancin arewa, *ärger* a na kudu. Jamusanci yana da ɗabi'ar gina aikatau a kan irin wannan siga: *besser*, wanda ya fi kyau, ya ba da *bessern*, kyautata, *minder*, wanda ya fi ƙanƙanta, ya ba da *mindern*, rage. Haka *erger* ya ba da *ergeren*, ƙara wa abu muni, lalata shi. Wannan aikatau ne ya zama *ærgre* a Denmak, *ergre* a Norwe, kuma a kansa aka ɗora sifar da ta yi daidai da *ärgerlich* ta Jamus.

Ga inda *er* ɗin nan ya yi amfani. Shi ne ɗafa-ƙeyan fifiko na Jamusanci, daskararre a tsakiyar kalma. Ita *arg* ta gida tana nan a harshen Norwe har yau, da ma'anar mai fushi ko mai zafin gaba, kamar a *argeste konkurrent*, babban abokin hamayya. Amma fifikonta *argere* ne, da a ɗinsa, ba tare da naso ba. Tsohon harshen yana da nasa aikatau daga wannan saiwa, *ergjask*, zama *argr*, wanda ya fito a karin maganarsu mai cewa kowa yakan zama rago idan ya tsufa. Babu r na biyu a jikin wannan aikatau, kuma har yau harshen Aislan yana da *ergja* ba tare da shi ba. Da a ce kalmar Norwe gado ce daga kakanni, da an same ta ba r ɗin.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a dubi r na ƙarshen *argr* a ce ai ga shi. Wancan r ɗin alamar nahawu ce ta suna ko sifa namiji idan shi ne mai aikatawa a jimla, kuma ya zube gaba ɗaya daga harshen Norwe: *hestr*, doki, ya koma *hest*, *dagr*, rana, ya koma *dag*, *argr* ya koma *arg*. Ba ya shiga cikin kalmomin da aka gina a kan saiwa. Kuskure na biyu shi ne dogara da rubutun yau, wanda gyare-gyaren hukuma suka taɓa. Na uku, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne a haɗa tsohuwar ma'ana da sabuwa kai tsaye, a ƙirƙiro labari cewa wanda aka zaga yakan ji haushi, saboda haka zagi ya koma haushi. Labarin yana da daɗin ji, amma ya tsallake matakan da rubuce-rubuce suka adana.

Matakan kuwa a bayyane suke. Daga lalata abu, aikatau ya koma lalata mutum, wato jefa shi cikin zunubi ko sa shi tuntuɓe a imani. Da Martin Luther, jagoran sauyin addinin Kirista a Jamus, ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, sannan cikakken Littafi Mai Tsarki na Kirista a 1534, ya yi amfani da *ärgern* a wannan ma'ana. A ayar Matiyu 5:29, inda ake maganar idon dama da ke sa mutum zunubi, kalmar da ya sa ke nan. Daga sa tuntuɓe aka gangaro zuwa ɓata wa mutum rai da abin da ya saɓa wa ɗa'a, kuma wannan matakin yana raye a dokar laifuka ta Jamus, inda sashe na 183a ke hukunta tayar da *Ärgernis* a bainar jama'a. A Denmak da Norwe 'yar uwarta *forarge* ce ta riƙe wannan matsayi, kuma *forarget* har yanzu na nufin wanda wani abin assha ya fusata. Mataki na ƙarshe shi ne ɓacin rai kowane iri, komai ƙanƙantarsa. Kalmar ta dakushe ne kamar wuƙar da kowa a gida ke yanka da ita.

Sauran tambaya ita ce ta wace ƙofa ta shiga Norwe, kuma ƙofofin biyu ne. Ta farko kasuwa ce. Ƙungiyar biranen fatauci ta Hansa, wadda birnin Lübeck na Jamus ke jagoranta, tana da manyan ofisoshi huɗu a waje: Landan, Bruges, Novgorod da Bergen. Na Bergen, a unguwar bakin ruwa da ake kira Bryggen, ya kafu wajen 1360 kuma bai rufe ba sai 1754. Jamusawa suna kawo hatsi daga gaɓar tekun Baltik, suna kwasar busasshen kifin da ake kamawa a arewa, musamman tsibiran Lofoten. Masunci na arewa yakan karɓi gari bashi ya biya da kifin baɗi, saboda haka hulɗar ta shafi zuriya bayan zuriya. Harshen waɗannan fatake Jamusancin arewa ne, wanda ya yi kusa da harsunan Sikandinabiya har ana iya fahimtar juna da ɗan ƙoƙari. Wannan kusanci shi ya sauƙaƙa aro, domin kalma kamar *ergeren* ba ta yi wa kunnen da ya san *arg* baƙunta ba. Ta wannan harshe ne aka sami *betale*, biya, da *arbeid*, aiki, da *snakke*, yin magana, da *bruke*, amfani. Hatta *bli*, zama, daga *bliven* take. Ke nan a jimlar *Han ble ergerlig*, kalma ɗaya ce kawai ta gado, wato *han*, shi.

Ƙofa ta biyu alƙalami ne, kuma ga kalma irin wannan ina ganin ta fi ta farko tasiri. Annobar da aka kira Baƙar Mutuwa ta sauka a Bergen a 1349 ta kashe kusan rabin mutanen ƙasar ko fiye, cikinsu har da malaman coci da magatakarda da ke riƙe da rubutu. Daga 1380 Norwe ta shiga ƙarƙashin sarki ɗaya da Denmak, zaman da ya kai 1814. Tsohon rubutun gida ya mutu, harshen Denmak ya zama na kotu da coci da makaranta. Bayan sauyin addini na 1536 zuwa 1537, Littafi Mai Tsarki da aka karanta a cocin Norwe shi ne na Denmak na 1550, wanda ya jingina sosai ga fassarar Luther. Injin ɗab'i bai iso Norwe ba sai 1643. Shi kuma harshen Denmak ya riga ya sha kalmomin Jamus ya ƙoshi, na arewa a zamanin Hansa, na kudu bayan Luther. Don haka sigar da ta zauna a rubutun Norwe ita ce ta Denmak, *ærgerlig*. Harafin e da ake gani a yau ya zo ne da gyaran rubutu na ƙarni na 20, musamman na 1917, wanda ya maye gurbin æ da e a kalmomi masu yawa. Furucin bai bi rubutun ba, shi ya sa har yanzu wasalin yake buɗe.

Wannan tarihi bai kwanta ba, domin Norwe tana da daidaitaccen rubutu iri biyu. Bokmål ya fito ne daga rubutun Denmak da aka yi ta gyarawa. Nynorsk kuwa ya samo asali daga aikin Ivar Aasen, wanda ya zagaya karkara ya tattara karin harsuna, ya fitar da nahawu a 1848 da ƙamus a 1850, majalisa kuma ta daidaita matsayin rubutun biyu a 1885. Masu bin tafarkinsa sun daɗe suna ƙyamar kalmomin da ke ɗauke da alamun Jamusanci, wato masu farawa da *an* ko *be* da masu ƙarewa da *heit* ko *else*, har suka haɗa su suka yi musu laƙabi, kalmomin *anbeheitelse*. Sunan da Bokmål ya gina daga aikatau ɗinmu, *ergrelse*, takaici, ya faɗa cikin wannan rukuni. Amma sifar kanta ta tsira a Nynorsk, aka mayar da ɗafa-ƙeyanta na gida, wato *leg*. 

Mai koyon harshen zai haɗu da wasu kalmomi a wannan fage, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. *Irriterende*, daga *irritare* na Latin, ita ce ta yau da kullum ga mutum mai damu ko ƙarar da ba ta ƙarewa. *Plagsom* ta fi dacewa da abin da ke addabar jiki ko ya ƙi barin mutum ya huta, kamar sauro ko tari. Tushenta *plaga* na Latin ne, duka ko rauni, kalmar da coci ta yi amfani da ita ga annobobin Masar. *Sjenerende* daga *gêner* na Faransanci take, wanda mutanen Nijar da Kamaru suka sani da ma'anar takura, alhali a tsohon Faransanci azabtar da wanda ake tuhuma ake nufi don ya amsa laifi. *Brysom*, mai wahalarwa, ita ma saiwarta daga Jamusancin arewa ta zo. Dukansu baƙi ne, kuma aƙalla biyu daga cikinsu sun yi irin gangarowar da *ergerlig* ta yi, daga babbar cuta zuwa ƙarama. Bambancin amfani shi ne *ergerlig* ta fi karkata ga abin da ya riga ya faru kuma da an ɗan yi sa'a da bai faru ba: ƙwallon da aka zura wa ƙungiya a mintin ƙarshe, maki ɗaya da ya hana cin jarrabawa, tikitin da ya ƙare ana gab da isa kan layi. Idan aka ce mutum *irriterende* ne, shi ke damun jama'a, idan kuwa aka ce *ergerlig* ne, galibi shi aka ɓata wa rai, kuma ɗalibin da ya gauraya biyun zai zargi wanda ya yi niyyar tausaya wa.